Layi Uku a Fayil ɗin Malam

Litinin, 3 ga wata, 1:20 na rana

Yau Manaja ya sa aka rataye talabijin a bangon ofis, daidai saman na'urar ruwan sha, don duk wanda ya zo cika kofi ya ga makinsa. Sunayen masu rubuta kod, wato umarnin da manhaja ke bi, ne a jere, mu tara, kowa da launinsa. Ni kore. Mai gwada mana manhaja, wadda muke kira Rediyo, babu sunanta tunda ba ta rubutu, amma ta fi kowa daɗewa a gaban allon, tana karantawa da ƙarfi kamar wani ya tambaye ta. Malam ja ne, ja wur, can ƙasa.

Abin da ke cina shi ne ni na kawo abin nan. Wata biyu da suka wuce ni na miƙe a taro na yi ta zuba cewa muna bukatar ma'aunin da zai riƙa karanta kod ɗinmu tun ba a kunna shi ba, ya ƙirga yawan "idan kaza, to kaza" da ke cikin kowane sashe, ya nuna mana inda ya cukurkuɗe. 'Yan ofis suka laƙaba masa Jan Biro. Ni fitila na ce a sayo don mu ga inda za mu gyara, ban ce a samo sandar dukan mutane ba.

Manaja ya ce duk sashen da makinsa ya haura ashirin ja ne, kuma duk wanda wata ya ƙare yana ja, sai an sake duba takardar aikinsa kafin a sabunta ta. Ya faɗa yana murmushi yana kallon silin. Kowa ya san da wa yake. Fayil ɗin Malam ɗari da arba'in da uku ne.

Fayil ɗin nan kuwa shi ne cibiyar abin da muke sayarwa. Manhajarmu tana sa ido a kan firjin ajiyar magani, in sanyi ya ragu ta tura wa mai gadi da mai sito saƙo a waya, kuma fayil ɗin Malam ne ke yanke shawarar a tura ko kar a tura. Shekara tara da suka wuce Malam ya zaunar da ni a gefensa ya koya mini aikin nan daga farko. Yanzu ni ce shugabar sashenmu, shi kuma yana da shekara hamsin da takwas, teburinsa har yau yana manne da nawa.

Talata, 4 ga wata, 5:40 na yamma

Na same shi da maganar bayan mutane sun ragu. Na ce Malam mu zauna mu rarraba fayil ɗin nan, mako biyu ya ishe mu. Ya tura tabarau goshi ya buɗe fayil ɗin, ya ɗora yatsa a kan allo, abin da na hana kowa yi a ofis ɗin nan. Ya ce wannan "idan" ɗin na masu sauke kaya ne, da kan bar ƙofar firji buɗe minti goma, in ba shi saƙo zai yi ta tafiya har mai gadi ya daina karantawa. Wancan na daƙiƙa arba'in ɗin da janareta ke ɗauka kafin ya kama ne. Na ƙasansa na firjin da ke narkar da ƙanƙararsa da kansa. Ya ce duk "idan" da na gani akwai wanda ya taɓa kiransa a waya yana faɗa saboda shi.

Na ce na sani, ba cirewa za a yi ba, tsarawa za a yi. Ya ce to a ba shi wata uku ya yi a tsanake. Na ce babu wata uku, kwana ashirin da wani abu ne.

Sai ya ce, "Injiniya, abin nan naki ƙirga ya iya. Bai taɓa shiga ɗakin sanyi ba."

Ya mayar da tabarau ya ci gaba da abin da yake yi. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar za ta biya masa kuɗin makarantar autarsa ne? Wallahi mutumin nan taurin kansa ya ishe ni. Na tattara jakata na fito ko sallama ban yi masa da kyau ba.

Laraba, 5 ga wata, 11:00 na safe

Ɗari da arba'in da uku. Ko layi ɗaya bai taɓa ba. Yana can ya duƙufa yana ciro wa Rediyo takardar da ta maƙale a firinta.

Alhamis, 6 ga wata, 7:15 na yamma

Na shiga wurin Manaja. Na ce masa Jan Biro tsawon hanya yake aunawa, ba ya sanin ko hanyar ta kai gida. Na ce fayil ɗin Malam shekara shida ba a kawo ƙararsa ba. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya jawo durowa ya ciro takardar da na rubuta wata biyu baya, mai sa hannuna a ƙasa, ya karanto mini maganata da bakinsa: cewa kod mai yawan rassa maɓoyar kuskure ce. Ya ce babban kamfanin maganin da muke yi wa aiki yana son ganin rahoton Jan Biro kore daga sama har ƙasa kafin ya sabunta yarjejeniya, shi kuma ba zai je ya ba su tarihin janareta ba. Na tashi na fito.

A bakin matakala Rediyo ta tare ni ta ce ta ga takardun masu neman aiki guda huɗu a teburin sakatariya, duk 'yan bana-bakwai. Ta ce ita dai ba ta ce komai ba. Kullum ba ta ce komai ba.

A gida na ba Baban yara labari, yana gyaran fankar falo, rabin hankalinsa na kan sukurun da ya faɗi. Ya ce dattijo ai ya san abin da yake yi, in bar shi ya ji da kansa. Na ce haka ake yi, mutum ya koya maka sana'a ka tsaya kana kallo a kore shi? Ya ce in miƙo masa sukundireba.

Juma'a, 7 ga wata, 4:50 na yamma

Malam ya tafi wurin likitan ido tun sha ɗaya. Bai kulle kwamfutarsa ba. Bai taɓa kullewa ba, na yi magana har bakina ya gaji. Na koma kujerarsa don in duba kawai. Ba wanda ya ɗaga kai, an saba ganina a wurin.

Ni ban canza masa dabara ba. Yanka kawai na yi kamar tela da yadi, babban sashe ɗaya ya koma ƙanana talatin da ɗaya, kowanne da suna mai kyau, babu wanda ya haura goma sha biyu. Awa uku da rabi. Aiki ne mai tsabta, ko shi ya gani da idon lafiya zai yaba.

Akwai wasu layi uku da Jan Biro ya shafa wa launin toka. Ya ce mataccen kod ne, manhaja ba za ta taɓa bi ta wurin ba, tunda a takardar bayani an rubuta cewa na'urar da ke cikin firji kullum lambar ma'aunin sanyi take aikowa, su kuma layukan suna jiran saƙon da ba lamba a ciki. Muddin suna nan ba zai ba da kore ba. Yanzu ba sa nan.

Da sunansa gyaran ya shiga, dole, in ba haka ba ni makin zai zo wa. Na san dokar ofis a kan aiki da sunan wani, ni na rubuta rabinta. Duk gwaje-gwaje sun wuce.

Ya dawo ƙarfe huɗu an ɗiga masa magani, ko agogon bango ba ya gani. Na kira masa mota.

Litinin, 10 ga wata, 12:30 na rana

Manaja ya tsayar da kowa a gaban talabijin ya sa aka tafa wa Malam. Ya ce kun gani, tsohon hannu ma in ya so yana iyawa. Malam na tsaye da baƙin tabarau, likita ya ce kar ya kalli allo fiye da minti ashirin a jere har mako biyu. Bai yi murmushi ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Ya san abin da za a yi mini in ya faɗa.

Da muka zauna ya matso da kujerarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa. Bai tambayi wa ya yi ba. Ya ce wa ya sa ni. Na ce taimako ne, Malam, ba don komai ba. Na fara jin haushi, don ni a tunanina ko "an gode" ya kamata in samu.

"Kin cire wani abu?"

"A'a. Rarrabawa kawai na yi."

Layin da ba a taɓa bi ta kansa ai ba abu ba ne. Haka ma'auni ya ce, ba ni na ce ba.

Laraba, 12 ga wata, 3:10 na yamma

An tura sabuwar manhaja ga duk masu firji. Malam ya roƙi a jinkirta mako ɗaya ya bi gyaran layi-layi, ya ce sashe tara kacal ya samu ya karanta. Manaja ya yi dariya ya ce kai da ka rubuta kuma me za ka karanta. Malam ya juyo ya dube ni. Ni lokacin ina neman murfin birona a ƙarƙashin tebur.

Duk gwaje-gwaje sun wuce. Rediyo ta gwada sau biyu.

Asabar, 15 ga wata, 2:00 na rana

Na sauke labulen gidan nan duka na wanke. Baban yara ya ce baƙi za mu yi ne, na ce sai an yi baƙi ake tsabta?

Litinin, 17 ga wata, 9:05 na safe

Firji na bakwai.

Litinin, 17 ga wata, 6:30 na yamma

Bari in rubuta shi yadda ya faru, ko kaina ya daina sarawa.

A babban siton kamfanin magani akwai firji goma sha biyu masu tsohuwar na'ura. Tsohuwar na'urar da firjin soket ɗaya suke sha. In wuta ta yanke a soket ɗin, na'urar takan koma kan ɗan batirinta ta ci gaba da aiko saƙo, amma wurin lamba babu komai. Ba a rubuta wannan a kowace takarda ba. Ranar Asabar da rana makunnin firji na bakwai ya faɗi. Na'ura ta yi ta aiko saƙo fanko, manhajarmu ta yi ta karɓa tana wucewa, ba ta kira kowa ba. Sai yau da safe Mai Sito ta buɗe firjin ta ji ɗumi. Allurar masu ciwon sukari ce cike a ciki, duk an kwashe za a zubar.

Malam bai yi minti goma ba ya gano. Ya cire baƙin tabarau, idonsa na ruwa, ya rubuta layi ukun nan daga kansa ya mayar. Jan Biro ya tare gyaran, wai mataccen kod ne. Ko kunya babu. Sai da Manaja ya sa hannu aka tsallake shi.

Duk tsawon lokacin nan ina gefensa ina riƙe da waya, wai ina amsa kiran masu sito. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya.

Talata, 18 ga wata, 1:45 na rana

An yi taro. Manaja ya haska tarihin gyare-gyare a bango: Juma'a bakwai ga wata, an goge layi uku, ga sunan Malam. Ba wanda ya duba ƙarfe nawa ne, ba wanda ya tuna inda Malam yake a ranar. Manaja ya ce to Malam, me za ka ce?

Ya ce, "Fayil ɗina ne."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai Manaja ya juyo ya ce in shirya masa jerin sauran firjin masu tsohuwar na'ura kafin azahar, na ce to.

Wane irin ma'auni ne zai ce maka abu matacce ne alhali da ransa? Wane ne ya rubuta waccan takardar bayanin ta ƙarya? Wa ya ce a rataye talabijin? Kuma shi Malam, layi uku masu muhimmanci haka, ya kasa rubuta ko kalma biyu a samansu ya ce kar a taɓa? Kowa da hannunsa a ciki. Duk gwaje-gwaje fa sun wuce.

Laraba, 19 ga wata, 4:20 na yamma

An ba shi takarda. Ba za a sabunta masa aiki ba, ranar ƙarshe ƙarshen wata. Kamfanin magani ya nemi a nuna masa an ɗauki mataki, an nuna masa.

Ni kuma an ba ni abu biyu. Na farko, in karɓi fayil ɗin daga hannunsa, ya bi da ni kansa kafin ya tafi. Na biyu, in rubuta rahoton abin da ya faru, a miƙa ranar Juma'a ashirin da takwas. Fom ne mai shafi biyu. Gurbin "wanda ya yi gyaran" ma ba sai na wahala ba, kwamfuta ta cike shi da kanta daga tarihi. Sa hannu kawai ya rage.

Malam ya ninke takardarsa huɗu ya sa a aljihun gaba, ya tambaye ni ko gobe ƙarfe tara ya yi mini.

Juma'a, 21 ga wata, 5:00 na yamma

Kwana biyu ke nan muna zaman. Yana zuwa da littafi mai bangon kwali, ya rubuta komai da hannu saboda idon. Sashe-sashe muke bi, cikin talatin da ɗayan da na yanka, yana kiran kowanne da sunan da na sa masa kamar shi ya raɗa. Har ya ce sunayen sun yi kyau. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yana gaya mini wane mai gadi ne ba ya karanta saƙo sai an kira, wane sito ne rufinsa ke zafi da la'asar har na'ura ta ruɗe, wane firji ne in ya nuna huɗu to a ƙara masa ɗaya. Ina rubutawa. Rubutuna ya koma kamar na kaza.

Na yi wa Rediyo tsawa a kan ta bar kofi a kan firinta. Kofin ma ba nata ba ne.

Lahadi, 23 ga wata, 10:30 na safe

Na ƙona abin karin kumallo, na faɗa wa yara magana a kan takalmi, na faɗa wa Baban yara magana a kan ya goyi bayansu. Ya bi ni kicin ya ce lafiya kuwa, kwana nawa ke nan ba a gane kaina. Na ce aiki ne. Ya ce batun dattijon nan ne? Ya ce kar in sa a raina, na yi iyakar ƙoƙarina, shi ya ga yadda na damu da shi tun farko. Na ce don Allah ya fita ya ba ni wuri.

Ina lissafin abin da zai faru in na faɗa. Aiki da sunan wani kora ce, babu ja. Shekara tara. A sana'ar nan kowa ya san kowa, labari zai riga ni isa duk ofishin da na nufa. Malam kuma ko ba wannan ba shekara biyu suka rage masa. Na rubuta wannan jimlar na zauna ina kallonta, ban goge ba don in riƙa ganin irin mutumin da na zama.

Litinin, 24 ga wata, 2:15 na rana

Mai Sito ta zo da kanta. Mace ce gajera mai sanyin murya, ba ta zo faɗa ba, takardu ta kawo. Da za ta fita ta tsaya a teburin Malam, ashe sun san juna shekara da shekaru ta waya. Ta ce waccan Litinin ɗin asibitoci uku ta mayar da motocinsu babu kaya, wata tsohuwa ta zo har bakin sito da katinta a hannu tana tambaya. Ta ce ita da ta ji an ce shi ne, ba ta yarda ba, don shi ne mutumin da ya taɓa kiranta ranar hutu ya ce ta je ta duba firji na uku.

Malam ya miƙe tsaye ya ba ta haƙuri. Ya ce an yi sakaci, kuma ba za a sake ba.

Na shiga banɗaki na daɗe.

Talata, 25 ga wata, 9:40 na safe

Na buɗe fom ɗin. Na rufe.

Laraba, 26 ga wata, 4:35 na yamma

Yau muka iso kan layi ukun. Na yi ta addu'a ya tsallake, bai tsallake ba. Ya ce shekara shida da suka wuce aka yi irin wannan a wani ƙaramin sito, Allah ya taimaka mai shara ya ji firjin ya yi shiru. Shi ya je da kansa ya zauna a ƙasa gaban firjin da kwamfuta a cinya, yana kashe soket yana kunnawa har ya gane abin da na'urar ke yi. Ya ce laifinsa ne da bai gyara takardar bayanin ba, in rubuta wannan a jerin abin da zan yi. Ya faɗa yana kallon littafinsa. Sannan ya dakata, ya daɗe bai juya shafi ba. Na san jirana yake yi.

Na ce, to Malam, sashe na gaba.

Rediyo tana zagayawa da katin bankwana kowa ya rubuta wani abu. Ta ajiye mini a tebur tun safe. Sau uku tana dawowa.

Talabijin ɗin bango kuwa kore shar daga sama har ƙasa, in ban da ɗigon toka ɗaya na layi ukun nan. Manaja ya ce in nemi hanyar da za a ɓoye shi kafin kamfanin magani su ga rahoto.

Alhamis, 27 ga wata, 7:30 na yamma

Na gaya wa Baban yara. A tsaye na faɗa, a bakin ƙofar ɗaki, yana ninke kayan da ya kwaso daga igiya. Na fara da Jan Biro da Manaja da takardar bayani, ya bar ni na yi ta kewaye har na ƙare na iso kan kujerar Malam. Ya ajiye rigar da ke hannunsa.

Na zaci zai ce in yi tunanin yara. Da ya ce haka da na samu abin riƙewa. Tambaya ɗaya ya yi, ya ce dattijon ya sani? Na ce tun ranar farko. Ya ce kuma kullum yana zuwa ƙarfe tara yana koya miki? Na ce e.

Ya ɗauki rigar ya ci gaba da ninkewa, ninkin ma duk a karkace.

Juma'a, 28 ga wata, 8:50 na safe

Na goge sunansa a gurbin na sa nawa. Na rubuta ranar, da lokacin, da inda yake a lokacin, da abin da ya tambaye ni ranar Litinin ɗin da aka tafa masa da amsar da na ba shi. Na tura wa Manaja da ofishin ma'aikata a tare, don na san kaina, in Manaja kaɗai na tura wa zai iya lallashina.

Juma'a, 28 ga wata, 3:30 na yamma

Manaja kuwa ya gwada. Ya rufe ƙofa ya ce me ya kai ni, an riga an rubuta wa kamfanin magani, yanzu so nake a ce mu maƙaryata ne? Ya ce da shi kaɗai na tura wa da an san yadda aka yi. Ya fi jin haushin kwafin da na tura fiye da layin da na goge. Na ce masa ya sauke talabijin ɗin nan, ya ce ba ni da bakin ba da shawara yau, kuma gaskiyarsa.

Dakatarwa ta wata ɗaya, an karɓe shugabancin sashe, sauran sai kwamiti ya zauna. An janye takardar Malam. Lokacin da na fito ina kwashe kayana ba ya wurin, an ce an kira shi sama. Rediyo ta tsaya da katin bankwana a hannu ta rasa wa za ta ba. Yau dai da gaske ba ta ce komai ba.

Lahadi, 30 ga wata, 5:45 na yamma

Na je gidansa. Matarsa ta karɓe ni kamar kullum, ta kawo ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, daga nan na gane bai gaya mata komai ba. Ya fito da littafin nan mai bangon kwali a hannu, ya zauna nesa kaɗan.

Na ba shi haƙuri. Na yi ta magana, na ce niyyata alheri ce, na ce ma'aunin ne ya ruɗe ni, na ji kaina ina sake jero su na yi shiru. Ya ce goge layi ba komai ba ne, shi ma ya taɓa goge abin da ya fi wannan, duk mai aikin nan zai yi. Ya ce zama a kujerarsa ma ya yafe tun ranar. Na ce to me ya hana shi faɗa a taro, ya tsaya aka ba shi takarda?

Ya ce, "Ni ban iya kai ƙarar wadda na koyar ba. Na ɗauka kwana ɗaya za ki yi ki faɗa. Kwana goma sha ɗaya ina zuwa ina zama kusa da ke, ina jiran ki buɗe baki."

Ya miƙo mini littafin ya ce in riƙe, akwai sashe shida da ba mu kai ba, ya rubuta su duka, ba sai mun sake zama ba. Ya ce gobe zai koma aiki. Ya roƙi Manaja a mayar masa da teburinsa ɗaya ɗakin, wajen masu kula da na'urori, an kuma amince.

Ya rako ni har bakin ƙofa, ya ce in gaida mutanen gida.